Na'urar Da Ta San Mai Gida

Ba wanda ya san makarantar da Injiniya ya yi, kuma ba mai gigin tambaya, domin shi mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya faro maka daga yadda ake ƙera agogo. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, mutanen layin suka karɓa don a zauna lafiya. Aikinsa na gaskiya shi ne tsaron siton wani kamfanin fenti, inda yake buɗe wa 'yan dako ƙofa da safe ya rufe da yamma. Amma da ya dawo ya ja benci a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya shimfiɗa wa garin wayoyin wuta da hannunsa.

Abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne gidan da yake ciki, farin gida mai baƙin get, wanda duk layin babu kamarsa. Ba ya gama zance bai ce "lokacin da nake gina gidan nan" ba. To gidan na yayansa ne, wanda yake aiki a jirgin ruwa. Yana can ya saya ta hannun dillali, bai taɓa kwana a ciki ba, ba kuma wanda ya san fuskarsa a layin. Ya ce ƙanen ya zauna da iyalinsa ya kula masa da shi. Mutum biyu ne kacal a layin suka san haka, Injiniya da matarsa, shi ma Injiniyan ya kusa mantawa.

Wata rana Yaya ya aiko da kwali. A ciki akwai ƙwayayen fitila irin waɗanda ake sarrafawa da waya, da wata ƙaramar lasifika, da wata farar na'ura kamar dunƙulen hannu mai ido ɗaya. Ita ake ɗaurawa a waje, in ta ji motsin mutum ta kunna fitilar ƙofar gida. Da yamma Yaya ya kira. Wayar Injiniya irin wadda ba ta san sirri ba ce, don haka matarsa tana kicin ta ji komai. Yaya ya ce a kira mai aikin wuta ya ɗaura. Ya tuna masa injin ruwan da ya kwance don ya ƙara masa ƙarfi, wanda har yau rabinsa yana cikin buhu. Ya tuna masa fankar falo da ya gyara ta koma jan iska sama.

"Ina nan tafe ba da jimawa ba," in ji Yaya. "In na zo na tarar ka sake yi mini gwaninta a gidan nan, ka nemi inda za ka kai kayanka. Ba zan sake faɗa ba."

Injiniya ya ce to Yaya, ba komai Yaya, Allah ya kawo ka lafiya Yaya. Yana ajiye wayar ya leƙa kicin ya tambayi inda aka jingine tsani.

Matar ta ajiye ludayi ta dube shi. Ta tuna masa ɗakin da suka baro a bayan garejin makanikai, wanda in ana ruwa sai sun tashi yara sun jera kwanuka a kan katifa. Ta ce ita ba za ta koma can ba, ya rufa musu asiri ya kira mai aikin wuta. Tsoron da ke ranta na gaske ne, kuma bai ɓuya a fuskarta ba.

"Maman yara, wane mai aikin wuta? Wanda ni na koya masa riƙe sukundireba?"

"Baban yara, ko sunansa ba ka sani ba."

Ya ce ai manya ba sa riƙe sunan ɗalibansu, ya saɓa tsani ya fita.

Bai hau ba sai da ya tabbata akwai 'yan kallo. Mai shayi yana tsallaken titi yana wanke kofuna. Tela, wanda shagonsa yake manne da katangar gidan, ya ɗago kai daga kan keke. Sajan ma ya fito da kujerarsa, wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya amma har yanzu yake tafiya kamar ana fareti. Injiniya ya ɗaga na'urar sama ya bayyana musu cewa a ƙasashen da suka ci gaba ko kurciya ba ta sauka a katanga sai da izinin irin wannan. Tela ya ga takardar bayani ta faɗo daga kwali, ya miƙa masa. Injiniya ya ce wannan ta waɗanda ba su sani ba ce, ya bai wa mai shayi ya naɗe burodi.

Maimakon ya sunkuyar da idon na'urar ya kalli bakin get, sai ya miƙar da shi ya kalli titi, domin a cewarsa ɓarawo daga nesa ake tare shi. Ya sauko ya bi gidan ɗaki-ɗaki ya cire tsofaffin ƙwayaye ya sa sababbi, har banɗaki. Sannan ya zauna ya haɗa su da wayarsa. Manhajar ta tambaye shi wace fitila yake so ta kama in an ji motsi. Shi kuwa ba marowaci ba ne, ya danna duka. Ta tambaye shi ko su mutu in motsi ya ɗauke, ya ce ƙwarai, ya zaɓi lokaci mafi gajarta don kada a ce yana almubazzaranci da wuta.

Rana tana faɗuwa wani mai babur ya wuce, gidan ya haske gaba ɗaya, daga get har bayan gida. Masu shan shayi suka juyo. Injiniya ya harɗe hannu a ƙirji, bakinsa har kunne. Bai gama karɓar barka ba gidan ya koma baƙi ƙirin, sai ga muryar matarsa daga kicin tana tambayar wanda ya kashe mata wuta tana tsakiyar yanka albasa.

Ta danna makunnin bango, ta kashe ta kunna, wuta ta dawo. Wata akuya ta gifta a titi, na'urar ta ji ta, akuyar ta wuce, na'urar ta kashe komai har da ta kicin. Nan matar ta gane cewa girkinta ya koma hannun masu wucewa. In titi ya cika tana ganin tukunyarta, in ya yi shiru sai lalube. Ta zuba sukari a inda gishiri ya kamata. Babbar 'yarsu tana aikin makaranta a falo, tana rubuta layi ɗaya ta jira mota. Shi kansa Injiniya ya shiga wanka ya saɓe jikinsa da sabulu, titi ya ɗauke ƙafa, ya tsaya cikin duhu yana laluben buta yana addu'ar Allah ya kawo ko da kare ne.

Da abin ya ishi matar sai ta leƙa ta taga ta roƙi mai shayi don Allah ya ɗan gifta ta gaban gidan ta sauke tukunya. Mai shayi mutum ne mai kirki, ya gifta. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara. Kafin a gama cin abinci ya yi zirga-zirgar da ta sa shayinsa ya ƙone, masu jiransa suna dariya har da riƙe ciki.

Da safe Sajan ya tambayi Injiniya ko gidan rawa ya buɗe. Injiniya ya yi murmushin da likita yake yi wa marar lafiya mai yawan tambaya, ya ce na'urar tana koyon layin ne, sai ta haddace tafiyar kowa sannan ta natsu. Da ya shige gida kuwa gumi ne ya karyo masa. Ya zauna ya dinga danne-danne a waya yana neman inda zai raba fitilun ciki da ta waje. Bai samu ba. Abin da ya iya shi ne ya kwance sababbin ƙwayayen ciki ya mayar da tsofaffin, ya gaya wa matar cewa ya ba su hutu ne. Saura ta kan get da biyu na kan katanga. A cikin danne-dannen nan ne yatsansa ya taɓa wani wuri da bai lura ba.

Da yamma Tela ya fito zai rufe taga, fitilun suka kama, ja wur kamar garwashi. Tela ya dubi jikinsa, ya dubi Injiniya. Shi ma Injiniyan bai san daga inda jan ya fito ba, amma bai taɓa barin rashin sani ya hana shi bayani ba. Ya gyara murya ya ce ai ya gaya musu tana koyo, to ga shi ta gama. Yanzu tana duba zuciyar mutum daga takunsa. In ta ga alamar rashin gaskiya sai ta nuna ja.

"To ni me na sata?" in ji Tela.

"Ni ban ce ka yi sata ba. Amma ragowar yadin mutane ina yake zuwa?"

Aka kwashe da dariya. Tela bai yi ba, domin rigar da ke jikinsa kala uku ce.

Gaskiyar maganar ita ce idon na'urar yana kai wa rabin titi ne kawai. Duk wanda ya bi ta gefen gidan sai ta yi masa ja, wanda ya bi ta gefen mai shayi ba ruwanta da shi. Mutane ba su tsaya lissafin wannan ba. Abin da suka gani shi ne ta yi wa mai nama ja, aka ce dama sikelinsa. Ta yi wa malamin makaranta ja, aka ce ai shi ke kwashe kayan gwajin yara. Ta yi wa wani ango ja yana dawowa gida a makare, matarsa ta ji labari kafin ya ƙarasa. Mai shayi kuwa, da yake bai ƙara tsallakowa ba, sai ya zama salihin layi, mutumin da kowa ya san madararsa rabi ruwa ce. Nan da nan mutane suka daina bin gefen gidan da yamma. Za ka ga dattijo da girmansa ya taho, yana zuwa daidai katangar sai ya yi kamar ya tuna wani abu a tsallake. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa daga shagon Tela, domin ba mai son a haska shi da ja yana riƙe da yadin matarsa.

Sajan ya ce wannan shirme ne, kuma zai nuna musu. Ya gyara hula, ya ɗaga ƙirji, ya taka ta gaban get a hankali kamar mai duba sahu. Fitilu suka yi masa ja tun daga hula har takalmi. Wani daga benci ya ce Allah sarki, ashe tana tuna har da abin da aka yi a shingen binciken motoci kafin ritaya. Injiniya, maimakon ya yi shiru, sai ya ce ai ita ba ta san an yi ritaya ba.

Ba a gama da wannan ba sai ga surukarsa ta zo ganin jikoki, tsohuwa mai sanda da ƙullin tsaraba a ka. Tana isa get ta koma ja. Yaran layi suka sa ihu. Da aka yi mata bayanin ma'anar jan, sai ta sauke ƙullin a hankali ta nemi a kira mata mijin 'yarta. Ya fito yana durƙusawa tun daga nesa.

"Ni ce ɓarauniya a ƙofarka?"

"A'a Inna, ai ke gaisuwa ce take yi miki. Jan manya daban ne, ya fi duhu."

Sajan yana tsallake ya ce shi ma nasa mai duhun ne, amma ba a ce gaisuwa ba ce. Tsohuwa ta ɗauki ƙullinta ta juya, ko ruwa ba ta sha ba. Matar Injiniya ta bi ta har bakin titi tana ba ta haƙuri, ta dawo idonta ya yi ja fiye da fitilar. Ta ce masa ya dubi Allah ya sauke abin nan ya mayar cikin kwali kafin Yaya ya zo, a kira wanda ya iya. Ya ce in ya sauke yanzu me zai gaya wa mutane. Ta ce in Yaya ya kore su me zai gaya wa yara. Ya yi kamar bai ji ba.

Washegari Sajan da Tela suka tare shi tun kafin ya kai bakin titi. Sajan ya ce ko ya sauke abin nan ko shi ya sauke masa da sanda. Injiniya ya ce su kwantar da hankalinsu, dama matakin gwaji ne, yau zai kai ta mataki na ƙarshe. Ya hau tsani ya sunkuyar da idon har ya kalli dandamalin bakin get kawai, wato inda ya kamata ya kalla tun farko. Da ya tsaya nan, da an sha ruwa an huta. Amma ƙaramar lasifikar nan tana cikin kwali tana masa ƙaiƙayi. Ya ɗauko ya haɗa, ya gano tana da jiniya, ya ƙure mata murya.

Ya sauko ya sanar cewa daga yau masu wucewa sun sami lafiya. Wanda ya taka bakin get da mugun nufi ne kawai zai ji abin da ba zai manta ba. Tela ya tambaye shi to shi fa da yake shiga da fita kullum. Injiniya ya dube shi da tausayi.

"Ta san mai gida. Ko cikin mutum dubu na shigo, ba za ta yi mini kuka ba. Mai gida daban yake."

Dabarar ita ce, in ya taho daga aiki sai ya tsaya a bayan wata tsohuwar mota a kusurwar layi, ya kashe na'urar ta waya, ya zo ya shige yana ɗaga wa mutane hannu, sannan ya kunna daga ciki. Matar da yara kuwa ya sa musu dokar bi ta ƙofar baya, inda ake zubar da shara. Mutane suka ga lallai mutumin nan yana shiga ba ko ƙyas. Mai kawo burodi ya taka dandamalin bisa kuskure, jiniya ta tashi, ya watsar da tire ya ruga. Tun daga nan aka fara kallon Injiniya da wani ido. Har Sajan ya rage murya. Wannan ne ya ƙarasa lalata shi, domin mai cika baki in aka ƙaryata shi yana da sauƙi, ranar da aka gaskata shi ce matsala.

Sai ya kira taro. Ya ce kowa ya hallara a teburin mai shayi da yamma, zai nuna yadda za a ɗaura wa layin gaba ɗaya irin wannan, shi zai jagoranta, ba don komai ba sai don kishin unguwa. Ya sa rigarsa mai aljihu da yawa, ya soke biro uku da abin gwada wuta. Benci ya cika, wasu suna tsaye. Ya taka ya shige get lafiya, ya fito lafiya, aka jinjina kai. Ya dawo cikin mutane ya kunna ta a ɓoye, ya ce to duk mai shakka ya je ya gwada. Ba wanda ya motsa.

Yana cikin bayani wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ga Yaya ne. Idanu suna kansa, sai ya katse. Ta sake ƙara, ya sake katsewa. Mai shayi ya ce ya ɗauka mana ko muhimmi ne. Injiniya ya ce wani yaronsa ne da yake aiki a jirgin ruwa, kullum sai ya dame shi da neman shawara.

Bai rufe baki ba wata tasi ta tsaya a kusurwar layin. Wani mutum ya sauko, dogo, da furfura a gemu, da jaka a kafaɗa, yana sa waya a aljihu da alamar ɓacin rai. Ya taho yana duba gidaje ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo, har ya tsaya a gaban baƙin get. Injiniya ya ba titi baya yana zana wa mutane taswirar layi a iska, bai gan shi ba. Mutumin ya zaro makulli ya taka dandamali.

Jiniya ta tsage. Fitilu suka yi ja. Awaki suka watse, wani ya zubar da shayi a cinyarsa. Sajan, wanda ya daɗe yana jiran rana irin wannan, ya tsallake benci da ƙarfin da ba wanda ya san yana da saura. Kafin baƙon ya juyo an riƙe masa hannu biyu, Tela ya fizge jakar, wani ya cafke makullin ya ɗaga sama yana cewa ga shaida, har da makullin ƙarya ya zo. Jama'a suka kewaye shi, jan haske yana wanke musu fuska.

Baƙon bai yi kokawa ba. Ya jira jiniyar ta ja numfashi, sannan ya ce su sake shi, gidansa ne.

Dariyar da aka yi ta fi jiniyar ƙara. Sajan ya ce ya yi shekaru yana kama ɓarayi, bai taɓa ganin mai ƙarfin hali irin wannan ba. Ya ce ai na'urar ta san mai gida, da shi ne da ba ta yi kuka ba, kuma ga mai gidan nan da ransa. Aka buɗa hanya, aka turo Injiniya gaba.

Ya ga fuskar. Yaya ne. Ya lalubi waya zai kashe jiniyar, ya danna wani wurin, fitilu suka fara walƙiya ja da shuɗi.

"Injiniya, ka san mutumin nan?" in ji Sajan.

Amsar kalma ɗaya ce, kuma yaro ma zai iya ba da ita. Amma Injiniya ya dubi Sajan da ya fara girmama shi, ya dubi mai shayi, ya dubi mutanen da ya shekara yana gaya wa yadda ya zaɓi fentin gidan nan da kansa. Ya dubi yayansa, wanda ya goya shi suna yara, an murɗe masa hannu a ƙofar gidansa.

"To... kamar dai na taɓa ganin fuskar."

Yaya ya ɗago kai. Kallonsa kawai ya yi.

Sai ga matar ta zagayo daga ƙofar baya da gudu, hannunta duk kumfar wanki, ta ratsa mutane. Tana ganin wanda aka riƙe ta dafe ƙirji ta durƙusa.

"Yaya, sannu da zuwa. Don Allah ku sake shi, yayan maigidana ne. Shi ne mai gidan nan, mu zama ya ba mu."

Hannaye suka fara sakinsa ɗaya bayan ɗaya. Tela ya karkaɗe jakar ya miƙa da hannu biyu. Sajan ya cire hula, ya rasa inda zai sa ta, ya mayar. Mai shayi ne ya fara magana, a hankali, kamar mai tambayar kansa. Ya ce to ashe wannan ne yaron nasa na jirgin ruwa. Yaya ya juyo ya tambaya ko wane yaro ne, aka samu masu son lada har uku suka maimaita masa maganar daidai yadda aka faɗe ta.

Yaya ya miƙa hannu, Injiniya ya ɗora masa wayar ba musu. Ya kashe jiniyar. Injiniya ya buɗe baki ya fara cewa ai hasken ne ya sauya masa kama, kuma gemun nan sabo ne, kuma dama yana shirin ya ce.

"Ita wannan roba ce da batir," in ji Yaya, yana nuna na'urar. "Ba ta san ni ba, ban ji haushinta ba. Kai nono ɗaya muka sha."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Matar tana durƙushe tana hawaye, domin ta san abin da ke biye, ta riga ta fara jin ƙamshin garejin makanikai. Yaya ya ce ta tashi. Ya ce ita da yara ba inda za su, ɗakunansu suna nan, kuma daga yau ta ƙofar gaba za su riƙa shiga kamar mutane. Sannan ya nuna wani ɗan ɗaki da ke jikin get ta waje, wanda aka gina don maigadi, aka cika shi da tsofaffin tayoyi da buhun injin ruwa. Ya ce tunda ƙanensa tsaron gida yake so, ga wurin aiki nan, ya kwashe tayoyin ya shimfiɗa tabarma. In bai yi masa ba, titi a buɗe yake. Ya sa wayar a aljihunsa, ya ce sai mai aikin wuta ya zo za a taɓa komai, ya shige gidansa, matar ta bi shi da jaka.

Ba wanda ya tafi gida. Mai shayi ya ɗora sabon ruwa, benci ya ƙara cika. Injiniya ya fito da tayoyin, jiniya tana raka shi duk fitowa, har Yaya ya leƙo ta taga ya ce in ya ƙara jin kukan abin nan to a titin zai kwana. Sai ya samu kujera ya zauna a ƙofar ɗan ɗakin, daidai ƙarƙashin idon da ya sunkuyar da hannunsa. Fitilu suka mutu. Ya ƙame, domin ko motsi ya yi jiniya za ta tashi.

Tela ya ɗaga kofi daga tsallake ya ce maigadi, a kawo maka shayi ne? Injiniya bai amsa ba, bai ko girgiza kai ba. Wani sauro ya zagaya kunnensa, ya sauka a gefen wuyansa, ya gyara zama. Duk layin suna kallo, shi kuma yana ji, ya bar shi ya sha har ya ƙoshi.